Cocin da ya kasa biyan fasto: tambayoyi da amsoshi kan tsarin hidima a dayosis ɗin Arewacin Mishigan

A ƙauyen da na tashi, cikin ƙasar Zazzau, sau ɗaya a wata uku firist yake zuwa mana. Ranar zuwansa tun da sassafe mata suke share harabar coci, a jera jariran da suka taru suna jiran baftisma, a fito da farin ƙyallen tebur daga akwati. Da la'asar ya hau babur ɗinsa ya kama hanya, sai kuma wata uku. Sauran Lahadin duka malamin coci ne ke riƙe da mu: shi ne mai wa'azi, shi ne mai zuwa gaida marar lafiya, shi ne mai jana'iza, da damina kuma ka same shi a gonarsa kamar kowa. Ina yaro na ɗauka talauci ne kawai ya ja mana haka, a ƙasashen masu kuɗi kuwa kowane coci da fastonsa. Ashe akwai wani yanki a Amurka, dayosis ɗin Arewacin Mishigan na Ikilisiyar Episkofal, da ya tsinci kansa a irin halinmu, ya kuma zauna ya yi wa abin tsari. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi mini duk lokacin da na ɗauko wannan zance.

Wace ce Ikilisiyar Episkofal, kuma me ya haɗa ta da Angilikan da muka sani?

Tushensu ɗaya, Ikilisiyar Ingila. Bayan Amurka ta ƙwaci 'yancinta, firistocin can ba su da halin ci gaba da rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, don haka suka tsaya da ƙafarsu. Bishop ɗinsu na farko, Samuel Seabury, a Aberdeen ta Sikotland aka ɗora masa hannu a 1784, kuma a 1789 suka amince da kundin tsarin mulkinsu a Filadelfiya. Kamar a wurinmu, dayosis ne ƙashin bayan komai: kowane da bishop ɗinsa, da taronsa na shekara, da zaunannen kwamiti. A sama akwai Babban Taro da ake yi duk shekara uku.

Akwai ɓaraka tsakanin Ikilisiyar Episkofal da Ikilisiyar Angilikan ta Najeriya tun 2003, lokacin da aka naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da namiji a matsayin abokin rayuwa, bishop a New Hampshire. Wannan magana ce mai zaman kanta, ba ita ta tara mu yau ba.

Me ya sa Arewacin Mishigan, ba wani wuri ba?

Jihar Mishigan kashi biyu ce, ruwa ya raba su. Kashin arewa wani zirin ƙasa ne tsakanin manyan tafkuna, sai a 1957 aka haɗa shi da kudu da gadar Mackinac. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan kusan kilomita 500 ne, amma mutanen ciki duka kimanin 300,000 ne, ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba. Daji ne da sanyi. Akwai wuraren da dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan wuce mita biyar.

Ma'adinai da katako suka tara mutane can a ƙarni na 19: jan ƙarfe a yankin Keweenaw, tama a kewayen Marquette. A lokacin aka gina coci-coci, aka kafa dayosis a 1895, hedikwatarsa a Marquette. Sai ramukan haƙa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Calumet da Hecla ya tsaya a ƙarshen shekarun 1960, ramin White Pine da sansanin sojan sama na K. I. Sawyer kuma a 1995. Matasa suka bi aiki kudu. Aka bar gine-gine masu kyau da tsofaffi kaɗan a ciki. Coci ashirin da 'yan kai ne a dayosis ɗin, membobinsa duka ba su kai 2,000 ba.

Amurka guda, a ce coci ya kasa biyan fasto?

Ya kasa ƙwarai. Gwamnati ba ta ba coci ko sisi, baikon jama'a ne. Kuma a tsarinsu cocin da ya kira firist shi ke ɗaukar nauyinsa, nauyin kuwa ba albashi kaɗai ba ne. Akwai gida ko kuɗin gida. Akwai fansho: doka ce coci ya zuba kwatankwacin kashi 18 cikin ɗari na abin da firist ke samu a asusun fanshon ikilisiya, wanda ya fara aiki tun 1917. Akwai inshorar lafiya, wadda a Amurka ba ƙaramin kuɗi take lashewa ba. Sannan ga kason da coci ke ba dayosis, shi ma dayosis yana miƙa kashi 15 cikin ɗari sama.

Bari mu ƙaddara, misali kawai. Gidaje 25 ne a coci, kowane yana bayar da dala 2,000 a shekara, 50,000 ke nan. A ce albashi da gidan firist 60,000 ne. Fansho ya ƙara 10,800. Ba a taɓa inshora ba, ba a biya kuɗin ɗumama gini na dogon hunturu ba, ba a gyara rufin da ke yoyo ba, an riga an ci bashi.

Dabarar da aka saba a da ita ce a haɗa coci biyu ko uku a hannun firist ɗaya, galibi sabon fitowa daga makaranta, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Ya yi shekara biyu ko uku yana zirga-zirga a kan ƙanƙara, ya samu wuri mai gwaɓi a kudu, ya tattara nasa ya nasa. Coci ya koma jiran wani. A tsakanin nan komai ya tsaya cak, domin an saba wa mutane da cewa hidima aikin mai farar kwala ne.

Wani abu ya ƙara dagula lamarin. Littafin addu'a da aka amince da shi a 1979 ya mai da Jibin Ubangiji babbar sujadar kowace Lahadi, alhali a da coci da yawa addu'ar safe suke yi, wadda ba ta bukatar firist. Firist ko bishop ne kaɗai ke keɓe gurasa da ruwan inabi. Wato an ƙara bukatar firist a daidai lokacin da kuɗin riƙe shi ke ƙarewa.

To wace mafita suka samo?

Thomas Ray ya zama bishop a can a 1982. Shi da abokan aikinsa, musamman Jim Kelsey wanda ya gaje shi a 1999, suka daina tambayar ina za a samo fasto da me za a biya shi, suka koma tambayar wace baiwa Allah ya riga ya zuba a cikin mutanen nan da ke zaune a benci. Sunan da suka ba tsarin yana nufin hidimar da ake yi wa juna. Ni gayya nake kiransa, domin ita ta fi kama: aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kowa ya fito da fartanyarsa, ba wanda ke jiran lada a hannu.

Hujjarsu daga littafin addu'ar 1979 ɗin nan take. Katikisim ɗinsa ya yi tambaya, su wane ne ma'aikatan ikilisiya, ya amsa da membobi a farko, sannan bishop, firist da dikin (mai taimakon firist da kula da mabukata). Idan baftisma ce ke sa mutum cikin hidima, to cocin da ba shi da fasto mai albashi bai rasa ma'aikata ba, rashin tsari ne ke damunsa. Sukan ce so suke coci ya tashi daga taron da ya kewaye mai hidima, ya zama taro mai yin hidimar da kansa.

Ba su suka fara tunanin ba. Roland Allen, wani firist ɗan Ingila da ya yi aikin mishan a arewacin Sin ya kuma rasu a Nairobi a 1947, tun 1912 yake rubuta cewa Manzo Bulus ba ya barin sabuwar ikilisiya tana jiran malami daga waje. Dattawa yake naɗawa daga cikinsu ya wuce. A zamaninsa ba a saurare shi sosai ba. Daga baya Bishop William Gordon na Alaska, wanda ke tuƙa ƙaramin jirginsa da kansa zuwa ƙauyuka, ya riƙa naɗa 'yan ƙasa a garuruwansu, sannan Wesley Frensdorff, wanda ya zama bishop a Nebada a 1972, ya gina tsari a kan haka. Arewacin Mishigan ne ya ɗauki abin ya mai da shi hanyar dayosis kusan gaba ɗaya.

Yaya ake zaɓen waɗanda za su yi hidimar?

Nan ne gizo ke saƙa. Mutum ba ya tsayar da kansa. Da farko coci duka yakan ɗauki lokaci yana nazari har ya yarda zai bi wannan hanya. Bayan haka sai a zauna tare da wani ma'aikacin dayosis, a ɗauko jerin sunayen membobi gaba ɗaya, a jera ayyukan: wa zai tsaya a bagade, wa zai yi wa'azi, wa ke da zuciyar kula da mabukata, wa zai riƙe koyarwar yara da manya, wa ya iya maganar baiko ba tare da ya kori mutane ba, wa zai riƙa sada mu da sauran coci-cocin gari. A bi sunaye ɗaya bayan ɗaya cikin addu'a.

Ka ƙaddara ɗakin taron wani ƙaramin coci da dare, kofi a kan tebur, mutum goma sha biyu da takardu a hannu. An zo kan wa zai zama dikin, an yi shiru, sai wata ta ce ai ga wance, shekara nawa ita ke kai wa tsofaffi abinci, ita ta san gidan da aka yanke wa wuta. Kowa ya gyaɗa kai. Ita wancen ba ta taɓa kawo wa ranta za ta sa rigar hidima ba. Gayyata kawai za ta iso mata, a ce 'yan'uwanki sun ga wannan a tare da ke, ki yi addu'a ki ba mu amsa. Tana da ikon ta ce a'a.

Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a kwamitin coci. Mai son muƙami ba shi ne kullum mai baiwa ba, shi kuma mai baiwar sau da yawa kunya ke hana shi ɗaga hannu. Mutanen da suka yi shekara talatin tare sun san mai riƙe amana da mai saurin fushi fiye da yadda wata hukuma za ta gano a ganawar kwana biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An fi so kuma a kira firist fiye da ɗaya a kowane coci. Idan ɗaya ne, kafin a ankara jama'a sun jibga masa kayan duka, an koma gidan jiya, sai dai wannan karon ko albashi babu.

Wane irin horo ake ba su?

Waɗanda suka amsa sukan zama rukuni ɗaya mai alkawari, su riƙa haɗuwa a kai a kai a garinsu, wajen shekara biyu ko fiye, suna karatun Littafi Mai Tsarki, tarihin ikilisiya, sujada, ɗa'a da tauhidi. Ba wanda ke barin aikinsa ko iyalinsa. Abin da ya fi burge ni, tare suke karatu: mai shirin zama firist da mai riƙe makarantar Lahadi darasi ɗaya suke ɗauka, sannan kowa ya ƙara da abin da ya shafi aikinsa. Tare kuma suke zama a gaban hukumar hidima ta dayosis. Ranar ƙarshe bishop ya zo, jama'a duka su sabunta alkawarin baftismarsu, a ɗora wa firist da dikin hannu, a miƙa wa sauran ayyukansu, a ƙaddamar da su tawaga ɗaya. Karatu ba ya ƙarewa a nan, kuma ana sa ran bayan 'yan shekaru coci ya sake zama ya kira sabon rukuni.

Ta ina wannan ya bambanta da hanyar zama firist da aka saba?

Hanyar da aka saba doguwa ce, mai tsada. Mutum ya ji kira, ya je wurin firist ɗinsa, a kafa masa kwamitin da zai yi watanni yana tattaunawa da shi, kwamitin coci ya sa hannu. Daga nan sai bishop da hukumar hidima, wadda dokar ikilisiya ta ce kowane dayosis ya kasance da ita. A duba lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, a binciki tarihinsa. Idan an karɓe shi, sau huɗu a shekara zai riƙa rubuta wa bishop wasiƙa yana faɗin halin da karatunsa da ruhunsa ke ciki. Karatun kansa shekara uku ne bayan digirin farko, a makarantar tauhidi irin ta Virginia da ke Alexandria, ko Sewanee a Tennessee, ko Nashotah House a Wisconsin. Sai jarrabawa, sai amincewar zaunannen kwamiti, sai a naɗa shi dikin, ya yi aƙalla wata shida kafin ya zama firist. Ritaya dole ce a shekara 72.

Wanda ya bi wannan hanya, sau da yawa da bashin karatu a wuyansa, ba laifinsa ba ne idan ya nemi cocin da zai iya biyansa. Makarantun ma kansu sun jigata. General ta New York, wadda ta fi kowace tsufa, tun 1817, ta shiga ƙarƙashin shugabanci ɗaya da ta Virginia a 2022.

Amma binciken lafiya da na tarihi, da horon kare yara daga cin zarafi, babu wanda ake ɗauke wa, na gida ne ko na makaranta.

Firist na gida cikakke ne ko rabi?

Naɗin iri ɗaya ne, babu rabin ɗora hannu. Bambancin a izini yake. An yi wata doka, da aka fi sani da doka ta tara, wadda ta ba da damar naɗa mutum don ƙaramin wuri ko mai nisa, bisa sharaɗin a nan kaɗai zai yi aiki. Mutane suka riƙa kiransu "firistocin doka ta tara", kuma ba kullum yabo ake nufi ba. Babban Taro na 2003 ya sake fasalin dokokin naɗi ya share wannan rabe-raben. A aikace dai firist na gida na tawagarsa ne. Idan ya ƙaura wani gari ba zai isa ya ce ga sabon fasto ya zo ba, sai wancan cocin ya kira shi, bishop kuma ya yarda.

Raini kuwa bai ƙare ba, na waje da na cikin gida. Ido wa ka raina, wanda kake gani kullum. Ba kowa ke jin daɗin karɓar Jibi daga hannun wanda jiya ya gyara masa mota ba, balle ya kai masa sirrin gidansa.

Idan waɗannan ba a biyansu, su wa ake biya?

Ba a kori masu digirin tauhidi ba, aikinsu aka canza. Maimakon kowa ya zauna a coci ɗaya yana yin komai, sai aka mai da 'yan kaɗan masu zagaye yanki: su koyar, su horar, su zauna da tawaga idan saɓani ya shiga, su taya coci tsara shekararsa. Coci-coci suna haɗa kuɗi a biya su albashi mai mutunci. Abin da a da ake yayyafa wa mutane da yawa ba wanda ya ƙoshi, yanzu ana tara shi kan kaɗan.

Aikin yana da wuya ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. Wanda aka horar ya tsaya a gaba, yanzu an ce wata Lahadin ya zauna a benci ya saurari wa'azin ɗalibinsa, ya ji kuskure ya haɗiye sai an tashi. Ba kowane firist ke iya wannan ba.

Wanda ba a ɗora wa hannu ba fa, me doka ta ba shi?

Fiye da yadda ake zato, kuma a duk faɗin ikilisiyar. Bishop na iya ba memba lasisin jagorantar sujada, ko wa'azi, ko miƙa ƙoƙo wajen Jibi, ko kai Jibi ga marasa lafiya a gida, ko koyar da masu shirin baftisma da tabbatarwa, ko aikin bishara, ko ma riƙe coci inda babu firist. Abin da ba zai yi ba shi ne keɓe gurasa da ruwan inabi, da furta gafarar zunubi. Mai son zurfafa karatu ba don naɗi ba, akwai shirin shekara huɗu da Sewanee ke gudanarwa tun 1975, a ƙananan rukuni cikin coci-coci.

Shin tsarin ya cika coci da mutane?

A'a. Yawan membobi a can ya ci gaba da raguwa, kamar yadda yake raguwa a ikilisiyar baki ɗaya, wadda ta haura miliyan 3 a shekarun 1960, yanzu kuwa tana wajen miliyan ɗaya da rabi. Masu suka suna cewa kwalliya kawai aka yi wa mutuwa. Masu goyon baya suna cewa ai ba a yi alkawarin cika benci ba. Abin da aka samu shi ne garuruwan da da tuni an sa wa cocinsu kwaɗo har yau ana Jibi a ciki, ana binne matattu da mutunci, ana ciyar da mayunwata.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe wani abu. Babu tsarin da zai dawo da ramin haƙar da ya rufe. Amma akwai haɗari na gaske, tawaga ta shagala da riƙon abin da ke hannu ta manta da waɗanda ke waje. Idan aka bi jerin sunayen membobi ana samun firist, ana samun dikin. Mai bishara ne ke wuyar samu.

Waɗanne matsaloli ne suka fi ci musu tuwo a ƙwarya?

Gajiya ce ta farko. Malamar makarantar da ta ƙara da shirya wa'azi da ziyarar marasa lafiya, shekara goma ba mai canjinta, dole ta gaji. Sai tsufa: rukunin farko ya samu mutane, na biyu da ƙyar, na uku kuwa ana iya buɗe jerin sunaye a ga waɗanda suka rage duk furfura ce. Sai rigimar ƙaramin gari. Fasto baƙo idan ya ɓata da jama'a yakan tafi; firist na gida kuwa ƙanin wane ne, surukin wance ne, ba inda za shi.

Sai kuma abin da ya faru da kujerar bishop. Jim Kelsey ya rasu a haɗarin mota a watan Yunin 2007. Dayosis ya ce zai nemi magajinsa ta hanyar da yake neman kowane ma'aikaci, wato a zauna a gano mutum ɗaya a gabatar da shi tare da tawaga, ba a jera 'yan takara ba. A Fabrairun 2009 aka zaɓi Kevin Thew Forrester, shi kaɗai a takarda. Amma a tsarinsu zaɓen bishop ba ya tabbata sai mafi yawan bishop-bishop masu riƙe da dayosis da mafi yawan zaunannun kwamitoci sun amince cikin kwana 120. Ba su amince ba. Wasu saboda alaƙarsa da zuzzurfan tunani irin na mabiya Buda, wasu saboda sauye-sauyen da ya yi wa kalmomin hidimar baftisma, wasu kuma zaɓen mutum ɗaya tilo ne bai kwanta musu ba. Aka sake lale, aka zaɓi Rayford Ray, ɗaya daga cikin masu zagaye yankin, aka naɗa shi a 2011. Ƙaramin dayosis na iya tsara gidansa yadda ya ga dama, amma da aka zo kan bishop sai sauran ikilisiya suka ce da bakinsu a ciki.

Sauran dayosis masu irin wannan matsala me suke yi?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dayosis ɗin Tekzas ya buɗe makarantar Iona, inda masu aikin yi ke zuwa ƙarshen mako ɗaya a wata har shekara uku, su fito dikin ko firist mai riƙe da sana'arsa. Kansas, Kansas ta Yamma, Nebraska da Missouri ta Yamma sun haɗa makaranta ɗaya a Topeka a 2013. Tun 2001 akwai yarjejeniya da babbar ikilisiyar Lutheran ta Amurka da ta ba da damar fastonsu ya riƙe cocin Episkofal. Wasu kuma haɗewa suka yi: a 2024 dayosis uku na Wisconsin suka koma ɗaya, Mishigan ta Gabas da ta Yamma ma suka zama ɗaya.

Mata suna ciki?

A kowane mataki. Babban Taro ya amince da naɗa mata firist a 1976, Barbara Harris ta zama bishop a 1989. Ikilisiyar Najeriya ba ta naɗa mata firist, don haka duk mai son kwatanta su da mu ya sa wannan a lissafi.

Akwai abin da za mu iya ɗauka a Arewa?

Ta fuskar yawa halinmu kishiyar nasu ne. Su haɗewa suke, mu rabuwa muke saboda girma: dayosis ɗin Arewacin Najeriya da aka kafa a 1954 an raba shi Kaduna, Kano da Jos a 1980, a 1990 aka ƙara na mishan irin su Sakkwato, Katsina, Bauchi da Maiduguri, Wusasa kuma a 1997. Amma a ƙauye ciwon iri ɗaya ne: jama'a suna nan, kuɗin riƙe firist babu, wanda aka tura kuma wani lokaci yana ƙirga kwanakin canjin wuri.

Muna da abin da su sai da suka sha wuya suka gina: malaman coci, masu bishara, zumuntar mata. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu ɗauke su a matsayin tsari, maimakon maneji kafin firist ya samu. Malamin cocinmu ya yi fiye da shekara ashirin yana riƙe da mu. Ban taɓa jin an sake kiransa wani kwas ba bayan na farko, ba wanda ya zo ya zauna ya ji wa'azinsa ya gyara masa, kuma da ƙarfinsa ya ƙare ba a shirya kowa a bayansa ba. Watanni cocin yana hannun duk wanda ya iya karatu ya kuma riga kowa zuwa.

Naɗa irinsa firist magana ce ta bishop da sinod, kuma akwai dalilin taka-tsantsan: inda dangi da ƙabila ke da ƙarfi, "jama'a sun zaɓa" na iya zama "gidan mai unguwa ya zaɓa". Amma ɗauko jerin sunaye a zauna a duba baiwar kowa ba ya bukatar a taɓa doka ko ɗaya. Haka ma ware firist ɗaya mai ilimi a kowace gunduma wanda aikinsa kawai horar da malaman ƙauye ne, a kuma sa kuɗin man babur ɗinsa a kasafin shekara.